Daga Igiyar Girma Zuwa Igiyar Tsaro: Waiwaye a Kan Tarihin Ma'anonin Kalmar "Cordon"

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin labarai na gidan rediyo ko na jarida yana juya rahotannin Ingilishi ko na Faransanci zuwa Hausa ya san cewa akwai kalmomin da ake gane su cikin sauƙi idan suna cikin jimla, amma da zarar an ware su sai su gagari kamu. Kalmar cordon tana daga cikinsu. Yau sai a karanta cewa shugaban wata ƙasa ya rataya wa baƙonsa "grand cordon", gobe kuma a karanta cewa 'yan sanda sun kafa "cordon" a bakin majalisa sun hana kowa wucewa. A jimlar farko karramawa ake nufi, a ta biyu kuwa hani ne da tsarewa. Ɗalibin ilimin ma'ana zai iya zaton kalmomi biyu ne masu tushe daban-daban da suka yi kama kawai, kamar yadda "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala suke kama da juna a rubutun boko ba tare da wata dangantaka ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kalma guda ce, sannan ta bi sawunta a cikin tarihin Faransa da sauran ƙasashen Turai don a ga yadda sunan 'yar igiya ya zama sunan lambar girma, ya kuma zama sunan layin masu gadi. Daga ƙarshe za a dubi abin da wannan tarihi yake jawo wa mai fassara zuwa Hausa.

2.0 Tushen Kalmar

Asalin kalmar yana komawa ga "khorde" ta Girkanci, wadda take nufin hanjin dabba, da kuma tsirkiyar abin kiɗa da ake murɗawa daga hanjin. Latinanci ya ara ya mayar da ita "chorda", daga nan Faransanci ya sami "corde", Italiyanci ya sami "corda", duka da ma'anar igiya. Ke nan tun kafin a haifi kalmar da muke magana a kanta an riga an yi sauyin ma'ana sau biyu: daga abin da aka yi tsirkiya da shi zuwa tsirkiyar kanta, daga tsirkiya kuma zuwa kowace irin igiya.

Abin da ya kamata mai nazarin ƙirar kalma ya lura da shi shi ne ɗafa-ƙeyar da aka liƙa wa saiwar. A Faransanci ɗafin "-on" yakan nuna ƙanƙanta, kamar yadda "chat", wato kyanwa, yake ba da "chaton", ɗan kyanwa. Saboda haka cordon 'yar igiya ce, kirtani ko tuƙaƙƙen zare na ado. A Italiyanci kuwa ɗan'uwan wannan ɗafi, wato "-one", girma yake nunawa, don haka "cordone" ƙatuwar igiya ce. Ingilishi ya karɓi kalmar daga ɓangarorin biyu. A ƙarni na 15 ya are ta daga Faransanci da ma'anar zaren ado, a ƙarni na 16 kuma ta sake shigo masa tare da kalmomin gina ganuwa, fannin da Italiyawa suka yi fice a kansa a wancan zamani. Wannan tagwayen asali, ƙarama a baki ɗaya, babba a ɗaya bakin, yana da hannu a yadda kalmar ta iya ɗaukar abin da bai fi faɗin tafin hannu ba, ta kuma ɗauki abin da ya ratsa ƙasashe.

Akwai kalmomi biyu da ya kamata a kawar daga hanya. Ta farko ita ce "cor" ta Latinanci mai nufin zuciya, wadda ta haifi kalmomi irin su "cordial". Ba ta da alaƙa da igiya. Ta biyu ita ce "cordonnier", sunan da Faransawa suke kiran baduku mai ɗinkin takalma. Mai ji zai ɗauka daga igiyar takalmi sunan ya fito, alhali daga birnin Ƙurɗuba na Andalus yake, garin da malamanmu suka sani ta hanyar nasabar Imamu Ƙurɗubi mai tafsiri. Fatar Ƙurɗuba ta yi suna a Turai, aka riƙa kiran mai aiki da ita "cordouanier", sannu a hankali bakin jama'a ya karkatar da sunan ya jingina shi da cordon, domin ita ce kalmar da suka fi sabawa da ita.

3.0 Igiyar Girma

A ƙarshen Disambar 1578, ana tsakiyar yaƙe-yaƙen addini tsakanin Katolika da Furotesta waɗanda suka ɗaiɗaita Faransa daga 1562 zuwa 1598, Sarki Henri na III ya kafa wata ƙungiyar barade ta girmamawa da ya sa wa suna Ƙungiyar Ruhu Mai Tsarki. Dalilin da aka bayar na zaɓen sunan shi ne cewa a lokacin idin Fentikos aka zaɓe shi sarkin Folan a 1573, a lokacin idin kuma ya gaji sarautar Faransa a 1574. Dalilin siyasa ya fi wannan nauyi. Akwai tsohuwar ƙungiya ta Waliyyi Mika'ilu wadda Louis na XI ya kafa a 1469, amma an yi ta raba lambarta ga kowa da kowa har ta zube, mutane suna yi mata ba'a da cewa abin wuya ne da yake shiga wuyan kowace dabba. Sarki yana bukatar abin da zai ɗaure manyan hakimansa a jikinsa, don haka ya ƙayyade baraden sabuwar ƙungiyar ga mutum 100, ya kuma shar'anta cewa sai Bakatolike wanda ya gaji sarauta kaka da kakanni.

Alamar ƙungiyar gicciye ce mai hoton kurciya, ana rataye ta da shuɗin ƙyallen alharini. Da farko a wuya ake sa shi, daga baya aka faɗaɗa shi aka riƙa ratayawa daga kafaɗar dama zuwa kwatangwalon hagu, kamar yadda barde yake rataya hamilar takobi. Wannan ƙyalle shi ne "cordon bleu", wato shuɗiyar igiya. Ba a daɗe ba sunan ya tashi daga kan ƙyallen ya koma kan mai sanye da shi, aka riƙa cewa wane cordon bleu ne. Wannan irin majazi ba baƙo ba ne ga mai jin Hausa. Idan aka ce rawuna sun hallara a fada, ba wanda zai leƙa yana neman tarin ƙyalle, kuma aikatau "naɗa", wanda asalinsa kewaya rawani a ka ne, yau ana amfani da shi ga minista da alƙali da kocin ƙwallon ƙafa waɗanda ba a taɓa sa musu rawani ba.

Da Louis na XIV ya kafa Ƙungiyar Waliyyi Louis a 1693 don saka wa hafsoshin soja, sai aka ba ta jan ƙyalle, aka sami "cordon rouge". Juyin juya halin Faransa ya soke Ƙungiyar Ruhu Mai Tsarki a 1791, aka maido da ita a 1814 da sarauta ta dawo, ta sake faɗuwa a 1830. Amma siffar ɗamarar ta tsira. Napoleon, wanda ya kafa tasa lambar girma a 1802, ya ɗauki faffaɗan ƙyallen ya ba masu daraja mafi girma, daga nan "grand cordon" ya bazu a fadodin duniya. Beljiyam ta sa shi a lambar Leopold ta 1832, Japan ta yi amfani da shi wajen fassara matakin farko na lambarta ta Fitowar Rana ta 1875, Masar ma ta sa shi a lambar Kogin Nilu ta 1915.

Ita kuwa "cordon bleu", da ƙungiyar da ta haife ta ta mutu, sai ta gangara daga fada ta shiga madafi. Tun a ƙarni na 18 ana kiran duk wanda ya yi zarra a fanninsa da wannan suna, a farkon ƙarni na 19 kuma ma'anar ta ƙuntata ta tsaya a kan gwanar girki. Ana ba da hikayoyi game da dalilin haka, wasu su ce saboda irin liyafar da baraden suke yi ne, wasu su kawo labarin sarki da kuyangar da ta burge shi da abinci, amma waɗannan labarai ne da aka ƙaga bayan ma'anar ta riga ta zauna. Abin da yake tabbatacce shi ne a 1895 wata 'yar jarida mai suna Marthe Distel ta fara buga mujallar girki da wannan suna a Faris, a shekarar kuma aka buɗe makarantar koyon girki ta Le Cordon Bleu. Har wani ɗan tsuntsu da muke gani yana tsince-tsince a tsakar gidajenmu, mai shuɗin ƙirji, namijinsa da jan ɗigo a kumatu, masana tsuntsaye da wannan suna suke kiransa, saboda ya yi musu kama da barde cikin ɗamararsa.

Kafin a bar wannan ɓangare, akwai wata ma'ana da ƙamusoshin Faransanci na ƙarni na 19 suke kawowa dab da ta girmamawa. A Daular Usmaniyya ta Turkiyya ba a zubar da jinin 'ya'yan sarauta da manyan fadawa, don haka idan Sarkin Musulmi na Santambul ya yanke wa ɗayansu hukuncin kisa, da igiyar alharini ake shaƙe shi. Haka aka yi wa Waziri Kara Mustafa a Belgrade a Disambar 1683, bayan ya kasa cin birnin Biyana. Faransawa sun kira wannan igiya cordon. Ke nan a harshe guda, a zamani guda, idan aka ce sarki ya aika wa wane da cordon, sai an san wane sarki ne kafin a san ko murna za a je yi ko ta'aziyya.

4.0 Daga Ganuwa Zuwa Dakaru

Hanyar da ta kai kalmar ga ma'anar tsaro ta bi ta wurin magina. A ganuwoyin da aka gina a Turai bayan bayyanar igwa, irin waɗanda Vauban, wanda ya rayu daga 1633 zuwa 1707, ya kewaye Faransa da su, akan fitar da wani kumburarren layin dutse mai santsi a saman bango, ya bi ganuwar ya zagaye ta kaf. Daga nesa sai ka ce an ɗaura wa garin igiya a ƙugu. Magina suka kira shi cordon. A nan an yar da abin da aka yi igiya da shi, an riƙe siffarta kawai: dogon abu siriri da ya miƙe ko ya kewaye. Da wannan siffa ce masu lambu suka kira itacen inabi da aka horar ya bi waya a kan reshe guda, masana ƙasa suka kira doguwar jigawar da take raba teku da tafki, masu aikin gona a Nijar da Burkina Faso kuma suke kiran jerin duwatsun da ake shimfiɗawa a gona don rage gudun ruwa "cordons pierreux".

Daga layin duwatsu zuwa layin mutane taki ɗaya ne. A ƙarni na 18 kalmar ta shiga bakin sojoji da ma'anar jerin ƙananan sansanoni da aka baza a kan iyaka, kowane yana hangen na kusa da shi, kuma zuwa tsakiyar ƙarnin ta bayyana a Ingilishi da wannan ma'ana. Hafsoshin Ostiriya sun mayar da ita dabarar yaƙi sukutum. Carl von Clausewitz, a littafinsa kan yaƙi da aka fara bugawa a 1832 bayan rasuwarsa, ya ware mata babi, ya kawo ganuwar ƙasar Sin a matsayin misali, ya kuma nuna rauninta: rundunar da aka shimfiɗa ta yi siriri tana iya tare 'yan hari da masu fasa-ƙwauri, amma duk inda abokin gaba ya tara ƙarfinsa ya doka sai ta tsinke. Wannan hukunci ya bi kalmar. Ko a yau ba a cika kafa cordon don tarar rundunar da ta zo da shirin yaƙi ba. Farar hula ake kafa wa.

5.0 Igiyar Annoba

A nan ne tarihin kalmar ya fi kauri. Tunanin hana shiga da fita daga garin da annoba ta sauka ya girmi kalmar nesa ba kusa ba. Musulmi sun san shi daga hadisi, sun kuma san yadda Halifa Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba. Birnin Ragusa da ke gaɓar tekun Adriyatik ya kafa dokar tsare baƙi kwana 30 a 1377, daga baya aka mayar da shi kwana 40, adadin da ya ba da kalmar "quarantine". Sai dai akwai bambanci tsakanin abubuwan biyu. Waccan tana tsare mutum ko jirgi na wani adadin kwanaki, awonta lokaci ne. Cordon kuwa ƙasa take yankewa, ta rufe mai ciwo da mai lafiya gaba ɗaya, kuma sai da bindiga take tsayawa.

Ranar 25 ga Mayu 1720 wani jirgin ruwa mai suna Grand-Saint-Antoine ya iso tashar Marseille daga gaɓar Sham ɗauke da yadudduka. An yi mace-mace a cikinsa a hanya, amma fatake suna gaggawar kai kayan babbar kasuwar shekara ta Beaucaire, sai aka sassauta dokar tsarewa. Annobar da ƙumar ɓeraye take yaɗawa, wadda Larabawa suke kira ɗa'un, ta shiga gari ta kashe kusan rabin mutanensa, ta kuma ci kimanin rai 100,000 a lardin Provence baki ɗaya. Gwamnati ta jera sojoji a bakin koguna da duwatsu da umurnin harbe duk wanda ya ƙetare. A 1721 aka gina katangar dutse mai tsawon kilomita 27 don kare yankin Comtat, wanda yake ƙarƙashin Fafaroma, daga cutar da take tahowa daga kudu. Cutar ta tsallake ta shiga Avignon duk da haka. Sai sojojin Faransa suka karɓi katangar suka juya fuska, waɗanda suka yi aikin ginin don su tsira suka wayi gari su ne a tsare a bayanta. Layin bai motsa ba ko da taki ɗaya, ciki da waje ne suka yi musaya.

Daular Ostiriya ta mayar da abin na dindindin. A kan iyakarta da Daular Usmaniyya, daga tekun Adriyatik zuwa duwatsun Carpathia, fiye da kilomita 1,600, ta jera rumfunan gadi. Dokar lafiya ta Sarauniya Maria Theresa ta 1770 ta tsara aikin dalla-dalla. A lokacin lafiya kimanin mutum 4,000 ne suke gadi, idan an ji annoba ta matso sai a kai su 11,000. Matafiyi yakan yi makonni uku ko fiye a tsare, wasiƙu a turara su da hayaƙi, kuɗin ƙarfe a tsoma su cikin ruwan khal kafin su ƙetare. Ba a rushe wannan tsari ba sai a 1871.

Amma sunan da ya shahara, wato "cordon sanitaire", igiyar kiwon lafiya, a 1821 ya fito, kuma da ƙafar hagu ya shigo duniya. A wannan shekara zazzaɓin shawara ya ɓarke a Basalona ya kashe dubban mutane. Gwamnatin Louis na XVIII ta tura dakaru duwatsun Pyrenees da ke tsakanin Faransa da Sifen, ta ce cuta take tarewa. To, shekara guda kafin nan sojojin Sifen ƙarƙashin Rafael del Riego sun tilasta wa Sarki Ferdinand na VII ya amince da tsarin mulkin 1812 wanda ya rage masa iko, abin da ya tayar da hankalin sarakunan Turai. Cutar ta lafa da shigowar sanyi, sojojin ba su koma gida ba. A 1822 aka sauya musu suna zuwa rundunar sa ido, a Afrilun 1823 kuma suka ƙetara iyaka suka maido wa Ferdinand cikakken ikonsa, aka rataye Riego a Nuwambar shekarar. 'Yan adawar Faransa sun gane tun farko cewa ra'ayi ake tarewa da sunan zazzaɓi. Saboda haka kuskure ne a ce ma'anar siyasa ta wannan suna aro ce da aka yi daga baya daga ma'anar likitanci. Tare aka haife su.

Abin da ya biyo baya maimaici ne. A 1919 gwamnatin Georges Clemenceau ta kira jerin ƙasashen da suka taso daga Finlan zuwa Romaniya da wannan suna, tana nufin su zama shinge tsakanin Turai da Rashar 'yan gurguzu. A 1989 jam'iyyun Beljiyam suka yi yarjejeniyar ƙin haɗa gwamnati da jam'iyyar Vlaams Blok, suka kira yarjejeniyar da sunan, a wannan karon babu soja, babu iyaka, sai alkawari kawai. Duk wanda ya yi amfani da sunan a siyasa ya riga ya yanke hukunci a cikin kalmar kanta, domin ya kira abokin hamayyarsa cuta ba tare da ya furta ba.

Ko a inda cutar take ta gaskiya, wurin da aka ja layin yakan tona abin da ke zuciyar mai ja. A Maris na 1900, da aka sami gawar wani Basine da ake zargin ɗa'un ne ya kashe shi a San Francisco ta Amurka, 'yan sanda suka zagaye unguwar Sinawa da igiya ta zahiri, kalmar ta koma gidanta na asali. An bar Turawa sun fita, an tsare Sinawa. Da aka sake rufe unguwar bayan watanni biyu, sai aka riƙa lanƙwasa layin yana kauce wa gine-ginen Turawa, har wata kotun tarayya ta soke shi a watan Yuni saboda wariyar da ke cikinsa.

A wannan gaɓa ce tarihin kalmar ya taɓa ƙasarmu kai tsaye. Bayan Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne yake ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka suka ba da shawarar a nisanta gidajen Turawa daga na 'yan ƙasa. A Dakar annobar 1914 ta zama hujjar ƙona gidaje da kwashe mutane zuwa sabuwar unguwar Medina, aka bar fili tsakaninta da unguwar Turawa. A Nijeriya dokar birane ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta zo da tsarin barin fili mai faɗin yadi 440, wato rubu'in mil, wanda ba a yin gini a cikinsa, tsakanin unguwar Turawa da ta sauran jama'a, bisa zaton sauro ba zai ƙetare shi ba. Takardun Ingilishi sun fi kiransa filin da ba a gini, amma masu tsara birane na Faransa da Beljiyam, da masana tarihi daga baya, cordon sanitaire suke ce masa. Kuku da boyi da mai gadi kuwa a bayan gidan Bature suke kwana, abin da ya isa ya nuna iyakar hujjar sauron. A garuruwa da dama filin ya zama wurin wasan golf ko folo ko sukuwa.

Zamaninmu ma bai bar abin ba. Ranar 20 ga Agusta 2014 sojojin Laberiya suka rufe unguwar West Point ta Monrobiya saboda cutar Ebola, aka yi arangama, aka harbi wani yaro ya mutu, bayan kwana 10 aka janye. Birnin Wuhan na ƙasar Sin ya kasance a rufe daga 23 ga Janairu zuwa 8 ga Afrilu 2020.

6.0 Kalmar a Wasu Harsuna da Matsalar Fassara

Harsunan da suka ari kalmar ba su kwashe ma'anoninta duka ba, kowane ya tsinci wadda ta shigo masa ta ƙofar da ya sani. A Rashanci "kordon" sansanin gadi ne na kan iyaka ko na gandun daji. A harshen Yukiren ita ce kalmar yau da kullum ta iyakar ƙasa, har wanda ya tafi ƙasar waje akan ce yana bayan kordon. A Larabcin Masar ana jin ta a wurin shingen 'yan sanda da kuma iyakar da hukuma ta yanka wa gari. Daidaitaccen Larabci kuwa ya raba abin biyu, ɗamarar girma "wishah", zoben tsaro "ɗauƙ".

Hausa ma rabawa take yi, kuma a ganina babu dalilin aro. Abin sha'awa shi ne hoton da kowane harshe ya zaɓa. Inda Bafaranshe ya ga igiya, Bahaushe zobe ya gani: akan ce sojoji sun yi wa gari ƙawanya, ko sun yi masa zobe, kuma ƙawanya a asalinta ƙaramin zoben ƙarfe ne. Ita igiya a Hausa wata hanya ta bi, ta tafi wajen ɗauri da alƙawari, shi ya sa muke da igiyar aure. Sai dai zobe rufaffe ne, igiya kuwa tana iya miƙewa ba tare da bakinta ya haɗu ba. Saboda haka "ƙawanya" ta dace da West Point da Wuhan, inda aka kewaye wuri ta kowace fuska, amma ba ta dace da layin Pyrenees ko na Ostiriya ba, waɗanda suka raba ƙasa biyu ba tare da sun kewaye ko ɗaya ba. A can "shingen dakaru" ya fi kusa. Idan kuwa 'yan sanda ne suka jeru a gefen titi don shugaba ya wuce, ba ƙawanya ba ce, ba kuma shinge ba ne sosai. Ya fi kama da abin da dogarai suke yi idan suka jeru suka baza manyan rigunansu don kare sarki daga idon jama'a lokacin da zai hau ko zai sauka, kuma "sun yi sahu sun tare jama'a" ya wadatar.

Wurin da ya fi bukatar hattara shi ne aikatau "killace". A shekarar 2020 kafofin watsa labarai na Hausa sun ɗora masa kaya uku: ware majiyyaci a asibiti, tsare matafiyi na kwanaki, da rufe unguwa ko gari da jami'an tsaro. Na farko da na biyu mutum ake killacewa, kuma galibi yana samun gado da abinci da ranar fita. Na uku wuri ake rufewa da duk wanda tsautsayi ya rutsa da shi a ciki. Mai sauraron da aka gaya wa cewa an killace unguwa kaza ba zai san ko likitoci ne suka shiga ko sojoji ne suka tsaya a bakin hanya ba, sai mai fassara ya ƙara masa da cewa an datse hanyoyin shiga da fita, ya kuma faɗi waɗanda suka datse.